Uban Askin da Zumra Ta Zaɓa

Zumra ta daɗe tana dafa wa ma'aikatan masana'antar katako ta garinmu Orahnik abinci, kuma duk wanda ya taɓa miƙa mata kwano ya san bakinta. Ka rage loma ta zage ka, ka nemi ƙari ta zage ka, sannan ta ƙara maka. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙuna. A wannan masana'antar gungume ya zame daga kan mota ya danne mijinta Rasim, aka kawo mata shi naɗe cikin bargo. Tana fita takaba ta koma bakin tukwanenta, don akwai ɗa da za a ciyar.

Ɗan shi ne Nezir. Kafin shi ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. To a nan gabashin Bosniya, macen da 'ya'yanta ke mutuwa akwai abin da tsofaffi ke sa ta yi. Za ta nemi namijin da ba addininsu ɗaya ba, ya sa almakashi ya yanke gashin farko na jaririn. Daga ranar ya zama kum, wato uban aski. Kum ya fi ɗan'uwa na jini nauyi. Ba a aure tsakanin gidajen biyu, ba a kai ƙarar juna, ba a ɗaga wa juna murya, kuma in gidanka ya kama da wuta shi ne zai fara faɗawa ciki. Budimir, direban motar gungume, Kirista daga cikin Sabiyawan garin, shi ya yi wa Nezir aski. Yaro ya rayu, ya yi ƙiba, ya girma ya zama makanike, ya auri Ramiza 'yar mai gasa burodi. Kowace Ista Budimir na aiko da jajayen ƙwai, kowace Sallah Zumra na aika masa da faranti cike da kayan zaƙin da muke kira baklawa. Tun daga nan ba wanda ya isa ya gaya mata cewa akwai abin da ya fi aski ƙarfi a duniya.

Da ƙasar ta fara tsagewa, Budimir ya zo mata da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa.

"Zumra, ki kwashe yaron da matarsa ku bar garin nan kafin Juma'a."

"Mu je ina? Gidan uban wa?"

"Ko'ina. Kar ki tambaye ni."

"Kai fa?"

"An ce duk namu mu hau tudu."

"To ka hau mana. Kana can sama wa zai taɓa ni? Shigo ka sha gahawa, tsohon banza, kana ta rawar jiki kamar wanda ya saci kaza."

Bai shiga ba. Ita ma ba ta tafi ba.

Ranar Juma'ar aka fara ruwan bama-bamai daga kan tsaunukan da suka kewaye garin. Gidan maƙwabcinta na dama ya ƙone, masallaci ya rasa hasumiyarsa, makaranta ta zama asibiti, asibitin ya zama wurin ajiye gawa. Rufin Zumra ko tsagewa bai yi ba. Ko Budimir ne ke karkatar da bakin bindiga, ko sa'a ce kawai, Allah masani. Ita dai ba ta da shakka. Mata na gudu zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ita tana shanya wanki a tsakar gida tana ce musu, "Ku gudu, ku da ba ku da kowa a sama."

Hanya ta rufe, yunwa ta shigo. Aka koma gasa sha'ir ana kiransa gahawa, ana cusa ganyen daji cikin ƙullun fulawa ana kiransa abinci. Nezir ya ciro ganga daga injin wanki, ya kafa ta cikin rafi, ruwa na juya ta tana ba da 'yar wutar da za ta ta da rediyo. A nan maza ke taruwa su ji abin da manyan Turai suka yanke a kanmu. Ba su yanke komai ba. Mutanen da daga ƙofarsu zuwa tamu bai kai tafiyar yini biyu a mota ba, suna ta taro a otal-otal masu tafki. Wannan ƙasa ta ce a kai ɗauki, waccan ta ce a jira tukuna, ta uku ta ce ai mu duk ɗaya muke, mahaukata ne masu tsohuwar gaba, a bar mu mu gaji. Kowace na da tsohon abokinta a cikinmu da ba ta son ɓata wa rai. Abu ɗaya suka haɗa baki a kai, kada a sayar wa kowa makami. Su na kan tudu rumbun makaman soja gaba ɗaya na hannunsu, mu kuma bindigar farautar zomo. Wannan suka kira adalci.

Cikin sanyin shekara ta biyu da fara yaƙin labari ya gangaro cewa Budimir ya mutu. Wasu suka ce giya ce ta cinye hantarsa, wasu suka ce nasa ne suka harbe shi don ya ƙi wani aiki. Zumra ta yi masa kukan da ba ta yi wa mijinta ba. Ba a daɗe ba bam ya faɗa garkenta ya raba saniyarta gida biyu. Ta tsaya kan gawar saniyar, jini na tururi cikin dusar ƙanƙara, ta ce wa Nezir, "Ka gani ko? Gida ya zama babu kum."

Sai ga fararen motoci sun shigo. A ƙarshe Turai ta aiko da sojoji, aka yi shela cewa Orahnik na ƙarƙashin kariyar duniya, amma da sharaɗi, maza su miƙa makamansu. Nezir ya so ya binne bindigar ubansa a lambu. Zumra ta fizge ta, ta saɓa a kafaɗa, ta kai musu da ƙafarta.

Sojojin na ƙasashe biyu ne. Kashi ɗaya suka yi sansani a gada, muka riƙa ce musu 'yan gada. Ɗaya kashin suka tare a masana'antar katako, suka zama 'yan katako. Hularsu iri ɗaya, ban da ita ba abin da ya haɗa su. Ba sa jin harshen juna, ba sa ara wa juna mai, kuma kafin ɗayansu ya ɗaga ƙafa sai ya buga waya babban birnin ƙasarsa ya ji abin da za a ce. In an harbi mace a bakin rijiya, 'yan gada su ce rijiyar na ɓangaren 'yan katako, 'yan katako su ce harsashin daga ɓangaren 'yan gada ya fito. Suka riƙa rabon naman gwangwani wanda in ka zuba wa kyanwa sai ta shinshina ta tone ƙasa ta rufe shi. Amma bama-bamai sun ragu, wannan gaskiya ne, kuma Zumra ta lura.

Ramiza ta haihu, 'ya mace, aka sa mata Almasa. Gashin yarinyar na fara tsawo Zumra ta tare Enisa a hanya. Enisa malamar Turanci ce a sakandare kafin yaƙi, yanzu ita ke yi wa 'yan katako tafinta.

"Ke Enisa, wancan dogon mai jan wuya, shi ne babbansu?"

"Shi ne kyaftin. Lukas sunansa."

"Yana da 'ya'ya?"

"Mace ɗaya. Hotonta na cikin hularsa."

"Madalla. Ki ce masa ina gayyatarsa aski ranar Lahadi."

Enisa ta sauke jarkar ruwanta. "Iya Zumra, waɗannan fa ba irin su Budimir ba ne. 'Yan watanni suke yi a canza su kamar zanen gado."

"Kirista ne ko ba Kirista ba?"

"Ni ban ma san ko yana da addini ba."

"Ba dai Musulmi ba ne ko? To ya isa. Ke dai ki faɗa masa, kuma ki faɗa duka, kar ki rage min ko kalma don kin yi boko."

Enisa ba ta rage ba. Ta zaunar da shi ta warware masa komai, cewa kum ya fi ɗan'uwa, cewa gidan ya zama gidansa, jininsu ya zama a wuyansa. Kyaftin Lukas ya saurara, ya dafa ƙirjinsa, ya ce wannan babbar girmamawa ce, zai zo.

Ya zo kuwa, da sojoji biyu, ɗaya rataye da kyamara. Zumra ta fito da 'ya'yan gahawa na gaske da ta ɓoye cikin safa tun kafin yaƙi, waɗanda ko ranar haihuwar Almasa ba ta taɓa ba. Ƙamshinsu ya jawo maƙwabta har kan katanga. Kyaftin ya cire takalmansa a ƙofa da aka nuna masa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan shimfiɗa da ƙyar, finjali ya ɓace cikin yatsunsa. Aka ajiye kwanon ruwa, aka miƙa masa almakashi. Ya yanke gashin a goshi da gefen kunnuwa, gashin na zuba cikin ruwan, yarinya na tsala ihu.

Nezir na jingine da ƙofa, hannu a aljihu. "Inna, ki tambayi kum ɗin naki, jiragen yaƙi na cikin kayan askin ko sai an sake wani bikin?"

"Rufe min baki, mara kunya. Zo ka sumbaci hannunsa."

"Ya girme ni ne? Ku dubi fuskarsa, ko gemu bai gama fito masa ba."

"Kum ba shi da shekaru. Zo nan kafin in ci mutuncinka gaban baƙi."

Ya zo, suka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Zumra ta ba kyaftin safar ulu da ta saƙa da tawul mai ado da rigar Rasim da bai taɓa sawa ba. Shi kuma ya ba da cakulan da gwangwanin madarar jarirai. Daga ranar, in motarsa ta bi ta ƙofar gidan sai ya leƙo yana nuna kansa da yatsa yana dariya, "Kum! Kum!" Wani lokaci ya aiko da madara ko sabulu. Mutumin ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce mugu ne. Shi a ganinsa wata kyakkyawar al'ada ce ya samu da zai ba matarsa labari. Ita kuwa Zumra a ganinta ta ɗaure shi da igiyar da ba ta tsinkewa, shi da motocinsa da ƙasarsa da jiragenta. Ta koma shanya wanki a tsakar gida.

Lokacin yankan ciyawa na shekara ta huɗu, na kan tudu suka gangaro. Gada suka fara isa. 'Yan gada suka buga waya gida, aka ce kada su yi harbi, sai suka miƙa bindigoginsu da hulunansu, aka tasa su gaba aka kulle. Kyaftin Lukas ya nemi jirage. Ƙasarsa ta ce a aiko su. Ƙasar 'yan gada ta ce in aka saki bam ko ɗaya za a yanka mata 'ya'ya, ba ta yarda ba. Ƙasar da ke da jiragen ta ce ita sai sun daidaita tsakaninsu. Jirage suka zo, mun gan su da idonmu, mutane suka fito titi suna kabbara suna ɗaga yara sama. Suka kewaya garin suna ƙara, suka kewaya, suka juya suka tafi.

Ekrem, abokin Nezir tun na ƙuruciya, ya faɗo gidan da jaka a baya. "Tashi mu tafi. Maza duk za su bi daji, a fita ta bayan dutse zuwa ɓangaren namu. Mata da yara su je wajen sojoji, ba za a taɓa su ba. Mu ne ake nema."

Nezir ya riga ya ɗaure takalminsa, Ramiza na cusa masa burodi da gishiri a jaka. Zumra ta fizge jakar ta zauna a kai.

"Ba inda za ka."

"Inna, don Allah."

"Dajin da aka shuka wa nakiya? Ba bindiga, ba komai, kamar tumaki? Waɗannan ba su da kowa, shi ya sa za su bi daji. Kai kana da kum a masana'anta, da sojoji da motocin ƙarfe."

"Inna, kin ga jiragen sun juya."

"Jirgi ne ya yi wa 'yarka aski?"

Ekrem ya buga ƙafa. "Iya Zumra, bindigar ubansa ke kika kai musu, yanzu kuma shi za ki kai?"

"Fita min daga gida, ɗan mai baƙin baki."

Ramiza, wadda ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba, ta durƙusa gabanta da jaririya a hannu. "Inna, ki bar shi ya tafi. Na roƙe ki. Mu za mu je wajen kum ɗin, shi ya bi maza."

Zumra ba ta ko dube ta ba. Ta kama gaban rigarta da hannu biyu ta ce wa ɗanta, "In ka sa ƙafa a dajin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira."

Nezir ya tsaya, ya dubi Ekrem, ya dubi ƙasa. Ekrem ya rungume shi, ya zagi iska, ya fita da gudu.

Bakin masana'antar ba masaka tsinke. Mutane sun taru a jikin wayar shinge, tsofaffi cikin baro, mata na faɗuwa don zafi, sojoji sun rufe ƙofa sun ce ciki ya cika. Zumra ta kutsa da kafaɗa, tana jan Nezir da hannu ɗaya kamar ranar da ta fara kai shi makaranta. Ta kama ƙarfen ƙofar ta buɗe muryar nan da ta saba kiran ma'aikata da ita.

"Kum! Kum Lukas!"

Ya ji, ya zo. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe. Ya ce a buɗe musu, su huɗu kaɗai, aka mayar da ƙofa a fuskar sauran. Zumra ta juyo ta dubi ɗanta da surukarta. "To? Wa ya yi gaskiya?" Aka ba su wuri a tsohon ɗakin girkinta. Har ta sami ƙarfin hura wuta ta dafa wa sojojin wake, tana zaginsu don sun bar mata tukwane da tsatsa.

Washegari da hantsi motocin safa suka jeru a titi, mayaƙan tudu na tsaye gefensu da karnuka. Kyaftin ya shigo ɗakin girkin, Enisa na bayansa, fuskarta kamar ta gawa. Ya yi magana yana kallon bango.

"Ya ce umarni ya zo daga ƙasarsa," in ji Enisa. "Kowa ya fita. Sansanin na sojoji ne kawai."

"Kowa ban da mu. Ki tuna masa."

"Ya ce kowa, Iya."

"Ki ce masa mata mun yarda, za mu fita. Nezir kaɗai zai bari. Ya sa masa rigarsu, ya ce makanikensu ne. Ai makanike ne, ba ƙarya a ciki. Ya cusa shi cikin tukunyar nan ma, zai shiga."

Enisa ta faɗa. Kyaftin ya girgiza kai, ya yi doguwar magana.

"Ya ce in ya ɓoye mutum ɗaya aka gano, za a kashe 'yan gada, ƙasarsu kuma za ta ɗora wa tasa laifi. Ya ce shugaban mayaƙan ya yi masa alkawari tambayoyi kawai za a yi wa maza a sake su. Ya ce shi ya roƙi jirage, ba shi ya hana ba."

"Ban tambaye shi jirage ba. Ki ce masa gahawata ya sha. Ki ce masa da hannunsa ya yanke gashin. Ki ce masa na hana yaron nan bin daji saboda shi!"

Enisa ta faɗa tana kuka. Kyaftin ya miƙa hannu ya karɓi Almasa daga wajen Ramiza. Ya ce shi da kansa zai raka su, ba wanda zai taɓa yarinyar. Haka suka fito, shi a gaba da jaririya a kafaɗa, ya sa tafinsa ya kare mata rana. Zumra na riƙe da hannun rigarsa tana magana ba tsayawa, ba mai fassarawa. A bakin motar wani mai gemu ya sa bakin bindiga tsakanin Nezir da uwarsa, ya nuna hagu. Nezir bai yi gardama ba. Ya cire agogonsa ya sa a hannun Ramiza, ya ce, "Inna, saki kum ɗin haka nan, kina ba mu kunya." Kyaftin ya miƙa jaririyar ta tagar mota, ya tabbatar an ba su kujera, ya ɓamɓare yatsun Zumra daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kar ya ji mata ciwo.

Mazan da aka nuna wa hagu ba wanda ya dawo. Na daji an kashe da yawa, amma da yawa sun fita. Ekrem ya fita da ƙafafu a kumbure, yana nan da ransa, har ya aurar da 'ya'ya. Bayan an gama da Orahnik da wasu garuruwa irinsa, sai ga manyan sun daidaita cikin 'yan makonni, jirage suka zo da gaske, yaƙi ya ƙare kafin sanyi ya yi nisa. Ashe da ma abin bai fi ƙarfinsu ba.

Ramiza ta zauna da surukarta a aji ɗaya na wata makaranta da aka zuba 'yan gudun hijira, tana dafa mata abinci, tana wanke mata kaya, ba ta ce mata uffan. Da ta sami hanyar fita waje ta ɗauki 'yarta ta tafi, ba sallama. Zumra ta koma Orahnik ita kaɗai, ta gyara ɗaki ɗaya a gidan ta zauna. Bakin nan ya mutu. Yaran da aka haifa bayan yaƙi sun ɗauka bebiya ce.

Shekaru suka wuce kafin masu tonon ramukan da aka zuba gawarwakin mazan su aiko mata. Sun ɗebi jininta tun da daɗewa, yanzu sun sami ƙasusuwan da suka dace da shi. Wata yarinya mai farar riga ta yi mata bayani da ladabi, cewa an tone ramin farko da motar haƙa an rarraba gawarwakin wurare daban-daban don a ɓoye, saboda haka abin da aka samu na Nezir ƙafa ɗaya ce da ƙashin ƙugu da 'yan haƙarƙari. In ta amince za a binne su a jana'izar bana tare da sauran.

"Da ƙafa biyu na kai shi ƙofar nan," in ji Zumra. "Da kai, da hannuwa. Ni na kai shi. Ba zan karɓi rabi ba."

Kowace shekara suna dawowa, kowace shekara amsar ke nan. Liman ya yi mata magana, Ekrem ya yi, ta ƙi. Ƙasusuwan suka zauna cikin jaka a kan kanta a wani ɗakin sanyi, ita kuma tana jiran a kawo saura. Ba a sami saura ba. Ta mutu wani kaka, maƙwabta ba su ankara ba sai da suka ga hayaƙi ya daina fita daga bututun ɗakinta. Matan da suka wanke ta sun ce ba ta fi nauyin yarinya ba.

Da bazara ta zagayo aka nemi Ramiza a waya daga ƙasar da take, aka yi mata tambayar da aka daɗe ana yi wa tsohuwar. Ta ce a binne abin da aka samu. Ekrem ne ya sauka ramin ya karɓi makarar, ya ce da hannu ɗaya ya ɗauke ta.